Waɗanne matsalolin kuɗin gida za mu gabatar wa 'yan takara kafin zaɓen 2027?

Malamin Firamare ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyaye da 'yan'uwa a kan wani nauyi da aka ɗora mini. Kwamitin ci gaban unguwarmu ya yanke shawarar cewa a wannan karon, duk wanda ya zo neman ƙuri'armu a zaɓen 2027, tun daga mai neman kujerar majalisar jiha har zuwa wakilan masu neman gwamna da shugaban ƙasa, za mu zaunar da shi a filin makaranta mu yi masa tambayoyi a gaban jama'a, maimakon abin da aka saba na zuwa gidan mai unguwa da dare a gaisa a tafi. Ni aka ba aikin tattara tambayoyin, kuma an gindaya mini sharaɗin kada su wuce biyar, domin dattawanmu sun lura cewa idan tambayoyi suka yi yawa, ɗan siyasa yakan zaɓi mai sauƙi ya yi ta bayani a kanta har lokaci ya ƙure.

Abin da nake so mu tsaya a kansa shi ne kuɗin da ke shigowa gida da wanda ke fita. Shekarata ashirin da ɗaya ina koyarwa, ina da mata da 'ya'ya shida, mahaifiyata ma tana wurina, kuma ban taɓa ganin lokacin da lissafin gida ya gagare ni kamar 'yan shekarun nan ba. Kowa ya san inda abin ya soma tsananta. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar a jawabinsa na karɓar mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare, sai litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 aka bar kasuwa ta riƙa yanke wa naira daraja, dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta zarce 1,500 a farkon 2024. An sa hannu a kan dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yulin 2024, amma kafin ƙarin ya iso hannun irinmu kasuwa ta riga ta cinye shi. A yau albashina ba ya kai ni tsakiyar wata, ragowar kwanakin kuwa littafin bashin mai shago ne ke riƙe da mu, kuma na ajiye babur ɗina ina zuwa makaranta a ƙafa sai ranar da tafiya ta zama dole.

Tambayata kashi biyu ce. Idan ku ne aka ce ku zaɓi biyar kawai, me za ku sa a gaba tsakanin abinci, magani, kuɗin haya, kuɗin wuta, kuɗin mota da ɗawainiyar makaranta? Sannan wace tambaya ce ta dace da wane ɗan takara? Na taɓa zama a wurin da mai neman majalisar jiha ya yi alkawarin rage farashin fetur, jama'a suka yi ta tafi, alhali ko ya ci zaɓen ba shi da hannu a wannan al'amari. Ba na so mu sake ɓata damarmu ta wannan hanya.

Mai Sana'ar Ɗinki ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya saka wa kwamitinku da alheri. Zan yi magana a matsayin wadda ake miƙa wa kuɗin cefane da safe a bar ta da lissafin yadda za su kai dare, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mutane da yawa za su ce maka abinci ne na farko, kuma ba su yi kuskure ba. Amma ni da za a ba ni tambaya ɗaya tak, a kan magani zan yi ta. Dalilina shi ne, abinci yana da dabara. Mun rage girki daga sau uku zuwa sau biyu, mun bar shinkafa mun koma tuwon masara da miyar kuka, mun rage mai, mun koyi sayen kayan miya da yamma lokacin da masu gwari ke neman rabuwa da abin da ya saura. Da wahala, amma gida yana tsaye. Rashin lafiya kuwa ba a yi masa wannan dabara. Bara 'yata ta fari ta zo haihuwa, aka ce sai an yi mata tiyata, kuma aka rubuto mana jerin abubuwan da za mu saya kafin a taɓa ta, tun daga safar hannu da ruwan ƙari har zuwa jini. A daren nan na sayar da keken ɗinkina na biyu, wanda almajirata ke aiki a kansa, maigida kuma ya sayar da tumaki biyu da muke kiwo domin layya. Alhamdu lillahi, uwa da jariri sun tashi lafiya, amma har yau ban mayar da keken ba, wato dare ɗaya ya rage mini rabin abin da nake samu.

Akwai kuma ciwon da ba ya warkewa. Surukata tana da hawan jini da ciwon suga, maganinta na kowane wata ne, kuma tun da naira ta faɗi kuɗinsa ya ninka fiye da sau ɗaya. Ku tsaya a bakin kemis na unguwa na awa guda ku ga yawan mutanen da ke miƙa takardar likita suna cewa a ba su na kwana biyu, ko a zaɓar musu wanda ya fi muhimmanci a bar sauran. Na ji a rediyo cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fitowa, kuma ban yi mamaki ba. Saboda haka ku tambayi mai neman gwamna: mace mai sana'ar hannu irina, wadda ba ta karɓar albashi, ta wace hanya za ta shiga inshorar lafiya, nawa za ta biya a shekara, kuma idan ta je asibitin unguwa da katin za ta tarar da magani a kanta ko za a sake tura ta kemis?

Abu na biyu shi ne makamashin girki da wutar lantarki. Da yawanmu mun saba da iskar gas, mun ji daɗin rabuwa da hayaƙi, sai tsada ta mayar da mu kan gawayi da itace, su ma kuma suka bi sahu. Wuta kuwa, ba mu da mita, takarda kawai ake kawo mana a ƙarshen wata da adadin da ba mu san yadda aka lissafa shi ba, ko da an yi mako ba a ga haske ba. Ni da guga da injin saƙar surfani ke cikin sana'ata, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wani abin da maza ba su cika lura da shi ba shi ne mutuwar adashi. Mu ashirin ne a namu, da shi muke yi wa 'ya'ya kayan ɗaki, da shi muke ƙara jari. Yanzu mun koma tara, domin wadda ta kwashe a farko takan kasa ci gaba da zubi, wadda ta kwashe a ƙarshe kuma takan tarar kuɗin ba ya sayen abin da ta yi niyya. Wannan shi ne bankin matan unguwa, kuma ya raunana.

Ina roƙonku, Malam, ku sa lokacin taron yadda mata za su iya halarta, ku kuma ba su damar yin tambaya da bakinsu. Mu ne muka fi cika layi ranar zaɓe, mu ne kuma ake bi gida-gida da taliya da sabulu da turmin atamfa. Ba na zargin uwar da ta karɓa alhali tukunyarta ba ta hau wuta ba tun safe, amma na tabbata idan aka saurare ta a bainar jama'a, za ta faɗi abin da ya fi taliya tsada a wurinta.

Manomi daga Kudancin Katsina ya amsa:

Malam, Hajiya ta yi magana mai nauyi, Allah Ya ƙara wa iyalinta lafiya. Ni zan kawo wani gefe da mutanen birni kan manta, kuma ina neman afuwa idan maganar ta saɓa wa abin da wasu ke son ji.

Idan kuka tsaya a gaban ɗan takara kuka ce masa ku dai abinci ya yi arha, zai iya cika muku alkawari ta hanyar da za ta kashe mu. Mun riga mun gani. A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara, alkama, wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na tsawon kwana 150. A cikin 2025 farashin hatsi ya sauka ƙwarai a kasuwanni irin su Dawanau da Dandume, mutanen gari suka ɗan numfasa, kuma ba na baƙin ciki da hakan, domin ni ma ina da 'yan'uwa a birni. Sai dai taki bai sauka ba, maganin feshi bai sauka ba, kuɗin huɗa da na 'yan ƙwadago ba su sauka ba. Akwai lokacin da buhun masara ɗaya ke saya mini buhun taki har da canji, sai ga shi na sayar da buhu ban haɗa kuɗin taki ɗaya ba. Maƙwabtana da dama sun rage gonar masara sun koma dawa da waken suya, waɗanda ba su cin taki sosai. Idan aka ci gaba a haka, arhar bana ita ce za ta haifi tsadar baɗi.

Ku tuna manomi ma magidanci ne. Da kaka, lokacin da hatsi ya fi arha, a lokacin ne bashin taki ke jiransa, ga kuɗin makaranta, ga bukukuwan aure, dole ya fitar da amfaninsa ya sayar wa masu ajiya. Idan damina ta yi tsakiya, wajen watan Yuli da Agusta, rumbu ya ƙare, sai ya koma kasuwa ya sayi hatsin da ya noma da hannunsa a farashin da ya fi wanda ya sayar. Wannan juyi shi ne ke talauta ƙauye kowace shekara, kuma maganinsa ba boyayye ba ne: rance mai sauƙi da zai hana mutum sayarwa da gaggawa, rumbunan ajiya da za a amince da su, da gwamnati mai sayen rarar hatsi da kaka a farashin da ba zai karya manomi ba, ta fito da shi da damina.

An taɓa gwada wasu abubuwa. A watan Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Banki a Jihar Kebbi, kuma a 2017 an sayar da takin shirin shugaban ƙasa a kan naira 5,500 buhu. Wasu sun amfana, wasu manoman takarda ne suka kwashe, bashi da yawa kuma ba a biya ba. Saboda haka tambayar da zan so ku yi ita ce ta lokaci da hanya: a wane wata takin gwamnati zai iso, a hannun wa za a karɓa, kuma ta yaya za a tabbatar wanda ke da gona ne ya samu? Takin da aka ƙaddamar da rabonsa a watan Agusta, bayan masara ta fitar da goyo, ba shi da amfani ga wanda ya yi shuka a watan Yuni.

Sannan tsaro. A wurinmu tsaro maganar kuɗin gida ce kai tsaye. Akwai ƙauyuka a Katsina, Zamfara, Sakkwato da Neja da ake sa wa haraji kafin a bar su su yi shuka, a sake sa musu kafin girbi. Iyalin da aka ɗauke wa mutum ɗaya yakan sayar da gona da shanun huɗa domin kuɗin fansa, kuma daga ranar ya fita daga sahun masu ciyar da kansu. Gonakin da suka fi albarka su ne na nesa da gari, su ne kuma aka bari. Duk ɗan takarar da ya yi muku maganar farashin kwanon masara bai ambaci wannan ba, bai fara maganar ba tukuna.

Akanta Mai Ritaya ya amsa:

Malam, tambayarka ta biyu, wato wa za a tambaya me, ita ce na fi ganin muhimmancinta, kuma a kanta zan tsaya, domin na yi shekara talatin da biyar ina aikin kuɗi a ma'aikatun gwamnati kafin na ajiye.

Farashin fetur, darajar naira, kuɗin ruwa na bankuna, harajin shigo da kaya da sojoji da 'yan sanda duk suna hannun gwamnatin tarayya da hukumominta, don haka wakilin mai neman shugaban ƙasa da masu neman majalisar dattawa da ta wakilai su ne za su amsa su. A nan ina ba da shawarar a yi hattara da duk wanda ya ce zai dawo da tallafin mai ba tare da ya faɗi inda zai samo kuɗin ba. A shekarar 2022 kaɗai tallafin ya ci fiye da naira tiriliyan 4, kuma manyan 'yan takara uku na 2023 duk sun ce za su cire shi. Ni a ganina tambayar da ta fi amfani ita ce: kuɗin da aka daina kashewa a kan tallafin, ina suka tafi, kuma wane kaso ne ya dawo wa magidanci ta hanyar da zai iya gani?

Amsar wannan tambaya tana kai mu ga gwamnoni, kuma a nan ne nake ganin jama'armu suka fi sakaci. Tun bayan cire tallafi da faɗuwar naira, kason da ake raba wa jihohi da ƙananan hukumomi daga asusun tarayya kowane wata ya ƙaru sosai, ana kuma buga alƙaluman a jaridu. Asibitin jiha, makarantun sakandare, ruwan famfo, motocin haya na gwamnati, rabon taki, albashi da fansho da garatuti na ma'aikatan jiha, duk waɗannan aikin gwamna ne da majalisar jiha da ke amince masa da kasafi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, sannan akwai kuɗin da tarayya ke warewa wanda jiha ba ta samu sai ta ajiye nata kason, kuma jihohi da dama sun sha barin nasu a ajiye ba su karɓa ba. Idan iyaye suna matse cikinsu suna kai yara makarantar kuɗi saboda ta gwamnati ba kujera ba malami, to wannan wani haraji ne da gazawar jiha ta ɗora musu. Ga Hajiya kuma, dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa tare da tanadin asusu domin marasa galihu, dokar lafiya ta 2014 kuma ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, amma hukumomin jihohi ne ke rajistar mutane. Tambayarki tana da doka a bayanta, kuma mai neman gwamna ne ya kamata ya amsa ta da adadi: mutum nawa aka yi wa rajista, nawa zai ƙara a shekarar farko. Ko wutar lantarki ma, tun bayan dokar 2023 jihohi suna da ikon kafa nasu tsarin samarwa da rarrabawa, saboda haka gwamna ba zai ƙara cewa ba ruwansa ba.

Ƙananan hukumomi su ne suka fi kusa da kai, Malam, domin daga kasonsu ake biyan malaman firamare da yawancin ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Ku tambayi mai neman gwamna da mai neman majalisar jiha matsayinsu a kan aiwatar da wannan hukunci, ku kuma nemi su faɗa a fili.

Akwai wani abu da za a zo muku da shi, ina so ku shirya masa. Za a ce hauhawar farashi ta sauka. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ba da kashi 34.80 cikin 100 a Disamban 2024, sai ta sabunta ma'auninta, adadin Janairun 2025 ya fito kashi 24.48. Ko da adadin ya ci gaba da sauka, abin da yake nufi shi ne gudun tashin farashi ya ragu, ba wai kaya sun koma inda suke ba. Wanda albashinsa ya ninka sau biyu alhali kuɗin motarsa da maganinsa sun ninka sau uku ko huɗu, yana nan a baya. Haka kuma za a ambaci sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, waɗanda suka ce naira 800,000 na farko a kuɗin shigar mutum na shekara ba a cire musu haraji, kuma mai zaman haya zai iya neman rangwamen kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayarsa har zuwa naira 500,000. Wannan sauƙi ne na gaske ga ƙaramin ma'aikaci, ya kamata a yaba. Sai dai rangwamen yana rage kuɗin da ake lissafa wa haraji ne, ba ya rage abin da mai gida ke karɓa, kuma wanda dama bai kai matakin biyan haraji ba babu abin da zai shigo aljihunsa.

Ban so na rufe ba tare da ambaton 'yan fansho ba, domin ni ma a cikinsu nake. Akwai abokan aikina da suka rasu suna jiran garatuti, kuma a gidaje da yawa wannan kuɗi shi ne ake sa ran a gina ɗaki ko a aurar da marayu da shi. Idan akwai gurbi a cikin biyar ɗinku, ku nemi a faɗi yawan bashin da jiha ke ɗauke da shi da watan da za a gama biya.

Matuƙin A Daidaita Sahu ya amsa:

Ina gaida iyayena da suka riga ni magana. Baba Akanta ya warware mana abubuwa da yawa, amma ina so in tunatar cewa yawancinmu ba mu cikin lissafin albashi ko kaɗan. Alƙaluman hukumar ƙididdiga sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar nan sana'ar kai ko aikin da ba na ofis ba suke yi, saboda haka maganar naira 70,000 ba ta iso gare mu ba. Na kammala digiri shekara huɗu da suka wuce, yanzu ina tuƙa babur mai ƙafa uku na wani bawan Allah, ina kai masa balas kowace yamma. Kafin na ajiye ko sisi domin gida, sai na cire kuɗin mai, na cire balas, na biya tikitin ƙungiya da na hukuma, wani lokaci a wurare biyu ko uku idan na tsallaka wata ƙaramar hukuma. Fasinja kuma ya ragu, domin mutane irin Malam sun koma tafiya a ƙafa, kuma ba zan iya ƙara kuɗi yadda mai ya ƙaru ba.

Waɗannan ƙananan cire-cire su nake so a tambaya, domin ba wanda ke lissafa su. Mai tebur a kasuwa yana biya, mai shayi yana biya, mai tura baro yana biya, kuma sau da yawa ba rasit. Idan ka cire kuɗi a wurin mai POS akwai caji, idan aka tura naira 10,000 zuwa sama akwai naira 50 ta gwamnati, kuma a watan Janairun 2025 aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data, alhali da waya muke samun fasinja da ciniki. Ku tambayi mai neman gwamna ko zai haɗe waɗannan haraje-haraje su zama guda ɗaya sananne, a buga adadinsa kowa ya gani. Ku kuma tambaye shi ina tashoshin iskar gas na motoci da aka ce za su rage mana kuɗin mai, domin sauya injin ba shi da amfani idan babu wurin sha a kusa.

Ƙanena yana jami'a da rancen ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024, kuma gaskiya ya ɗauke wa mahaifinmu nauyi. Amma rance ne, za a biya bayan an gama hidimar ƙasa an samu abin yi, kuma ni da na riga shi fita na san yadda neman abin yin yake.

Malamin Firamare ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Maganar Alhaji manomi ta sa na gyara tambayar da na rubuta a kan abinci, domin da farko arha kawai na nema, yanzu na haɗa ta da taki da tsaron gonaki. Na kai wa shugaban kwamiti roƙon Hajiya, kuma ya amince a yi taron ranar Asabar da hantsi maimakon bayan sallar isha'i, a ware wa mata tambaya biyu daga cikin biyar, su zaɓi masu yi da kansu. Mun kuma shirya cewa gidaje goma za su rubuta duk abin da suka kashe na wata guda, tun daga awo har zuwa kuɗin ruwan 'yan garuwa, a karanta jimillar ba tare da suna ba kafin ɗan takara ya fara magana.

Baba Akanta, saura abu ɗaya da nake nema daga gare ka. Ina so mu je da adadin kason da jiharmu da ƙaramar hukumarmu suka karɓa a 2022 da wanda suka karɓa a 2025, a rubuce a kan allo inda kowa zai gani. Idan za ka nuna mini yadda ake karanta teburin rabon na wata-wata, musamman bambancin jimillar kaso da abin da ya rage bayan an cire bashi, zan zauna da malamin lissafi na makarantarmu mu haɗa shi kafin ƙarshen wannan mako.